Ranar da Sandar Malam Buba Ta Sauka Ƙasa

Duk lokacin da aka turo mana ku daga makarantar koyon aikin lafiya, ɗakin gashin ƙashi kuke rububin zuwa. Na san dalili, ba sai an faɗa mini ba. Babu jini, babu kwana a bakin aiki, babu mai naƙudar da za ta shaƙe maka wuyan riga. A ganinku aikinmu bai wuce a kunna fitila a bayan tsoho, a murza masa man zafi, a ce ya dawo wani makon ba. In kuma takardar neman diyya aka kawo, a auna ƙafa, a rubuta lamba, likita ya buga hatimi, shi ke nan. Wani daga cikinku har cewa ya yi da ni wai wannan ai ko tela zai iya. Ban ji haushi ba, don tef ɗin da nake awo da shi ma na tela ne. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, ku gyara zama ku ji.

Ni dai Garba ake ce mini, Garba na ɗakin gashi. Ba likita ba ne ni, mataimaki ne, kuma a haka na tsufa, a asibitoci biyu tsakanin Gwarzo da Kabo. Rabin aikina gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi. Ɗaya rabin, wanda ya fi hana ni sakat, shi ne awon da ake sawa a rahoton likita. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki har ya nakasa, ma'aikatarsa ba ta karɓar rantsuwarsa, ba ta karɓar shaidar mai unguwa. Takardar asibiti take so. Ita kuwa takardar kamar tukunya take, a kan duwatsu uku take zama. Akwai katin ranar da aka kawo mutum, akwai abin da hoto da awo suka nuna a jikinsa, sannan akwai abin da shi da bakinsa ya gaya wa likitoci cewa ba ya iyawa. In ɗaya ya goce ana iya lallaɓawa, in biyu suka goce kuwa tuwo ya zube.

Wanda ya koya mini aiki Baba Isiyaku ne, Allah ya jiƙansa. A asibitin kutare ya fara tun yana saurayi, saboda haka babu irin hannu ko ƙafar da bai taɓa riƙewa ba, kuma bai san ƙyanƙyami ba. Watannina na farko a ƙarƙashinsa bai bar ni na taɓa majiyyaci ba. Benci ya ajiye mini a bakin ƙofa, ya ce in riƙa kallon takalman masu shigowa. Na ɗauka wulaƙanci ne, har na kai ƙara wajen mahaifina, shi kuwa ya ce in koma in kalli takalmi tunda abin da aka sa ni ke nan. Sai a hankali na gane. Mai jan ƙafa, gefen takalminsa ne yake cinyewa. Mai gajeriyar ƙafa ɗaya kuwa, dunduniyar takalmin wannan ƙafar sabuwa take zama, don a kan yatsu yake takawa. Kafin mutum ya gama gaisuwa, Baba Isiyaku ya riga ya san inda zai ɗora tef.

Kayan aikin ba su da yawa, aljihun riga ɗaya ya ɗauke su. Ga tef, da shi muke auna tsawon ƙafa daga ƙashin ƙugu zuwa idon sawu, da kaurin cinya. Ga ma'aunin gaɓa, wasu 'yan ruloli biyu na roba da aka haɗa kansu da ƙusa, suna buɗewa kamar almakashi, su nuna maka iyakar inda gwiwa ko kafaɗa take lanƙwasawa. Sai 'yar gudumar roba, da biron yin alama a fata. Ku da kuke raina tef, ku sani yana tsufa, ya saki, ya fara ƙarya. Baba Isiyaku yakan shimfiɗa nasa a kan rular ƙarfe lokaci-lokaci, in ya ga ya miƙe sai ya kai wa matarsa ta ɗaure kaji. Kuma bai taɓa yarda a auna ƙafa ɗaya a bar ɗaya ba, ya ce lafiyayyar ita ce mai ba da shaida a kan 'yar uwarta.

Abin da ya fi jaddada mini shi ne tambaya. Ya ce in ka ce wa mutumin ƙasar nan yaya jiki, gaisuwa ka yi, gaisuwa kuma zai mayar maka. Ko ana shirin ɗauko masa makara cewa zai yi da sauƙi. Saboda haka shi ba ya tambayar ciwo. Yakan tambayi yadda mutum yake tsugunno a bayan gida, da yadda yake yi da fartanya. In duk aka zille masa, sai ya tambayi yadda ake sallah. Wannan ta ƙarshen ba ya fito da ita sai ta kama dole, ya ce tambaya ce mai nauyi, ba a yi wa mutum ita don jin daɗin baki.

Ku samari kun fi son labarin masu ƙarya, kowannenku yana so ya zama ɗan sanda. Akwai su, ban musa ba. Wani mai gadi ya taɓa zuwa mana daga wajen Kabo yana dogara sandar guragu, yana nishi tun daga bakin get, wai katanga ta faɗo masa a wajen aiki. Sandar ta sha jiki, robar gindinta ta cinye, amma ta fi shi tsawo, kafaɗarsa har kunne, tafin hannunsa kuwa sumul babu kanta. Na auna, ƙafafu biyu kamar tagwaye. Da na leƙa ta taga sai ga mai sandar na gaskiya zaune a gindin darbejiya, ƙafa ɗaya a shanye, yana jiran a dawo masa da abarsa ya tafi gida. Na fita na gaishe shi, na ce shi fa, ya taɓa neman wani taimako a kan ƙafar tasa? Ya dube ni da mamaki ya ce a'a, ai shi lafiyarsa ƙalau. To wannan ita ce ƙasarmu. In ka kama mai ƙari guda, waiwaya ka ga masu ragi sun cika benci, kuma su ne haƙƙinsu yake salwanta.

Shekarar da ba na mantawa ita ce wadda iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin kati, ruwa ya yi ta zuba a kan fayiloli. Muka kwaso muka baza a kan tabarmi a filin asibiti kamar masu shanyar barkono. Tawada ta narke, awaki suka ci rabonsu, abin da ya rage gara ta ƙarasa. A shekarar ce kuma injin hoto ya mutu, sai an je birni. Wuta ta yi ƙaura, fitilar gashi ta zama ado, muka koma dafa ruwa a kan gawayi muna gashi da tawul kamar ungozoma. Mutane da yawa da suka zo neman shaidar tsohon rauni haka suka koma hannu rabbana, ba don ƙarya suke ba. Na ji zafin wannan shekara ƙwarai. Mutum zai tsaya a gabanka, ko ka tuna ranar da aka kawo shi jina-jina, tunawarka ba ta shiga fayil.

Cikin katunan da ruwan ya ci har da na wani Malam Buba. Bafillace ne na wajen Mainika, irin waɗanda suka zauna suka kama noma amma ba su saki saniya ba. Da masu allurar rigakafin dabbobi yake aiki, shi ne mai kamu. Ya shiga garke, ya riƙe ƙaho, ya danne, mai allura ya soka. Wata rana suna aiki a wata mashaya kusa da Lakwaya, bijimi ya matse shi da shingen ƙarfe, ƙashin kwatangwalonsa ya karye. An kawo shi wajenmu, amma kafin a gama shirin tura shi birni danginsa suka sa hannu suka ɗauke shi, sai gidan maɗori. Ba na zagin maɗora, na ga hannuwan da suka ɗora suka yi kyau. Sai dai kwatangwalo yana can ciki ƙarƙashin nama, kara da tsumma ba sa kai masa. Ƙashi ya haɗe, amma a karkace.

Da aka daɗe bai koma aiki ba, ma'aikatarsu ta ce ya kawo rahoton likita. In rahoto ya nuna ya nakasa, a sallame shi da diyyarsa da fanshonsa. In bai nuna ba, ya dawo kamun shanu, in kuwa ya ƙi dawowa a ɗauka gudun aiki ya yi, ya tashi a tutar babu. 'Yan gida suka zauna suka ga babu wanda ya dace ya raka shi sai Malam Nasiru, mijin 'yarsa ta fari, malamin Islamiyya ɗan gidan malamai na Masanawa, ga boko ga babur. Shi kuma Nasiru, don son a yi abu mai kyau, ya ce birni za a je inda hatimi ya fi nauyi. Rahoton da suka dawo da shi cewa ya yi majiyyaci ya shigo da ƙafarsa bai dogara komai ba, ya ce ya samu sauƙi, kuma bai yarda a duba shi a kwance ba. Ma'aikata ta karanta ta ce madalla, ya dawo bakin aiki.

Ni ban san duk wannan ba sai ranar da suka shigo ɗakina. Nasiru yana gaba da takardu a leda, yana roƙon a sake duba Baba kafin zaman kwamitin likitoci, wanda shi ne damar ƙarshe. Malam Buba yana biye, dogo, siriri, ya gicciya sanda a kan kafaɗu ya rataya hannuwa a kanta, irin tafiyar makiyayi a bayan garke. Kai ka ce daga kiwo yake. Sai dai da sanyin safiya ne amma gumi yana bin gemunsa, kuma takalminsa na dama dunduniyar garau take, bakin kuwa ya huje.

Na ce, "Sannu da zuwa Baba. An zo lafiya? Ya gida, ya iyali, ya dabbobi?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi sosai."

Nasiru ya ce, "Baba ka gaya masa mana. Wallahi Malam Garba, Inna ta ce ba ya barci."

Tsohon bai dube shi ba. Bango ya kalla ya ce, "Mata ai ba a rasa su da magana."

Na ce ya hau gado ya sassauta mazagin wandonsa in auna. Ya dubi gadon, ya dubi ƙasa daidai inda Nasiru yake tsaye, ya ce ai ba sai an kai ga haka ba. Nan jikina ya ba ni. Na yafito Nasiru muka fita baranda.

Na ce, "Malam, kai ɗansa ne?"

Ya ce, "Surukinsa ne. Ni nake auren babbar 'yarsa."

"A birni kana cikin ɗakin lokacin da likita ya duba shi?"

"Ina ciki mana. Ni na yi ta yi musu bayani ma."

"Ya taɓa cin abinci a gabanka?"

"A'a."

"Ka taɓa jin ya kira sunanka, ko na matarka?"

Ya girgiza kai. Na ce, "To mutumin da ba ya iya kai loma baki a gabanka, shi ne zai kwance wando ya ce wayyo kana tsaye?"

Ya dafe kai ya yi salati. Ya ce, "Mu ma a gidanmu akwai kunyar suruki, amma wallahi ban san ta kai nan ba. Ashe ni na rubuta rahoton nan, ba likita ba."

Na tausaya masa, don yaron kirki ne, garin neman gira ne aka kusa rasa ido. Na ce ya hau babur ɗinsa ya tafi wajen mai shayi a bakin titi, ya tayar da shi da ƙarfi yadda za a ji daga ciki, kada kuma ya dawo sai an aika.

Ina komawa ɗaki ƙarar babur tana nisa, sai na ga sandar nan ta sauko daga kafaɗu, Malam Buba ya zube nauyinsa duka a kanta, ya saki wani dogon numfashi. Na karɓe ta don in taimaka masa hawa gado, na duba gindinta. Sandar kiwo a jiki take tsufa, inda take dukan saniya. Wannan a gindi ta tsufa, ta baje kamar asuwaki.

Awon bai ɗauki lokaci ba. Ƙafar dama ta gaza ta hagu da kamar yatsu uku. Cinyar ta rame, tef ya zagaye ta ya yi saura mai yawa. Kwatangwalon kuwa ko rabin lanƙwasar ɗan uwansa bai kai ba sai ya cije. Da na ɗan matsa, bai ce uffan ba, amma ƙarfen gadon da ya riƙe sai da ya yi ƙara. A haƙarƙarinsa kuma ga tabon bulalar sharo nan jere, tsofaffi, sun yi fari.

Na ce, "Baba, awo ya nuna, hoto ma zai nuna. Amma katinka na farko ruwa ya ci, ga kuma takardar birni tana cewa kai da bakinka ka ce ka warke. Ranar kwamiti dole sai ka gaya musu abin da ba ka iyawa."

Ya shafa tabon nan ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? A tsakiyar kasuwa aka yi mini su, ina riƙe da madubi ina dariya. Yanzu da furfurata zan je in zauna gaban mutane ina raki? Wanda ya ba ni ciwon nan shi ya ba ni shekarun da na yi ina kayar da bijimai. Ban gama gode wa waɗancan ba, ba zan kai ƙarar wannan ba."

Na ce, "Ba ƙarar Allah za ka kai ba, Baba, haƙƙinka za ka karɓa. In ba ka faɗa ba suka kore ka fa?"

Ya ce, "Sai a sayar da shanun."

Ba a tambayar Bafillace yawan shanunsa, ban kuwa tambaya ba. Nasiru ne ya gaya mini daga baya cewa waɗanda suka rage masa inuwar bishiya ɗaya ta ishe su, kuma nononsu ne cefanen gidan. Na gwada shi da tambayar tsugunno, ya ce ana lallaɓawa. Na gwada ta fartanya, ya ce yara suna taimakawa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ga masu taurin kai, amma wannan nasa da ladabi yake yin sa, ba ka ma samun inda za ka kama ka yi faɗa.

A lokacin an gyara injin hoto, na tura shi, layi ya riƙe shi har azahar. Na zagaya bayan ɗakin janareto zan ɗebi ruwa a tanki, sai na hango shi shi kaɗai, alhali ga mutane can sun yi sahu a masallacin asibiti. Ya shimfiɗa rawaninsa, yana zaune, ƙafar dama a miƙe sambal. Da ya zo sujada ya sunkuya iya ƙarfinsa, goshin ya tsaya a sama, tsakaninsa da ƙasa da sauran tafiya. Ya daɗe a haka. Na ja da baya a hankali da bokitina babu ruwa. Ban yi masa tambayar Baba Isiyaku ba. Na ga amsar da idona, kuma na san mutum irinsa sau ɗaya zai iya fitar da ita. Abin da aka faɗa a ɗakin gashi ba ya shiga rahoton kwamiti, ban so ta zube a inda ba za ta amfane shi ba.

Ranar zama Nasiru ya sauke shi a bakin get ya ɓace, kamar yadda muka shirya. Likitoci uku ne a dogon tebur. Shugabansu dattijo ne da aka turo daga birni, wanda tun yana sabon likita ya yi aiki a asibitinmu, yakan zo ɗakin gashi shan shayin Baba Isiyaku. Ɗaya kuma mace ce matashiya, ba za ta girmi 'yar Malam Buba ba. Ni aikina in ajiye awo da hoto, in taimaka wa majiyyaci hawa gado, in tsuke bakina sai an tambaye ni. Ina kallonsa ta ƙofa yana tahowa a kan baranda, yana dogara sanda, na ce alhamdulillahi. Yana leƙowa ya ga mutane a jere har da mace, sai sanda ta koma kafaɗa.

Shugaban ya ce, "Sannu Malam Buba. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Yana hana ka wani abu?"

"Muna godiya ga Allah."

"Za ka iya komawa aikinka na da?"

"In Allah ya yarda."

Likita na uku ya riga ya fara rubutu. Ban ga laifinsa ba, abin da kunne ya ji shi hannu yake rubutawa, ga kuma takardar birni a gabansa tana faɗin abu ɗaya. Shugaban ya ɗaga hoton ya duba a hasken taga, ya dawo kan awona, ya sake duban mutumin da ke tsaye ƙyam da sanda a kafaɗa. Ya ce, "Garba, hoton nan da awon nan suna magana ɗaya, mai ƙafar yana wata. Yaya ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi masa tambayar Baba Isiyaku ba."

Ya ɗan dube ni, sai ya cire tabarau ya ajiye, ya ce Allah ya jiƙan tsoho. Ya sa aka matsar wa Malam Buba kujera, ya jira har ya zauna. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam Buba, yaya kake sallah?"

Tsohon ya sauke sandar ya ɗora a kan cinyarsa, yana ta shafa ta. Har na fara zaton zai sake cewa ana lallaɓawa.

Ya ce, "Likita, wannan ba a yi mata ƙarya. A zaune nake yi, ƙafa a miƙe. Tun ranar da bijimin nan ya matse ni goshina bai taɓa ƙasa ba. Na bar shiga sahu. Sai an watse nake zagayawa bayan ɗaki in yi tawa, don kada yara su gani."

Likita na uku ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya juya sabon shafi. Likitar nan ta tashi ta ce, "Baba, ka yarda mu duba?" Ya ce to. Ya hau gado ba musu, suka maimaita awon da hannunsu, ya fito daidai da nawa. Daga nan kuwa kamar an buɗe rumbu, abin da aka tambaye shi ya amsa, barci da tsugunno da gona. Kwamiti ya rubuta cewa raunin na dindindin ne, ba zai iya komawa kamun dabbobi ba. An sha zirga-zirga kafin haƙƙin ya fito, kamar yadda aka saba, amma ya fito, shanun kuma suna nan a inuwarsu. Na yi murna ranar, irin murnar da ban cika yi a bakin aiki ba.

Saboda haka in an kawo muku mutum, kafin ku zaro tef ku fara duba wanda ya rako shi. Ku tambaya ɗa ne, ƙane ne, ko suruki. Wannan ba ya cikin littafinku, kuma ba za a tambaye ku shi a jarrabawa ba.

Ni na raka Malam Buba zuwa get bayan an tashi. Yana tafe yana dogara sandarsa, a hankali, muna hirar damina. Muna shan kwana sai ga Nasiru can tsaye jikin babur, ya kasa haƙurin jira a wajen mai shayi. Tsohon ya tsaya cak. Na ga hannunsa ya fara ɗaga sandar zai kai ta kafaɗa, ga shi kuwa da sauran tafiya a kan tsakuwa. Nasiru ya hango. Sai ya juya mana baya, ya tsugunna, ya kama kwance filogin babur ɗin da lafiyarsa ƙalau, yana hurawa, yana gogewa da bakin riga. Malam Buba ya dubi bayan surukin nasa na ɗan lokaci, sannan ya mayar da sanda ƙasa, ya ci gaba da takawa. Nasiru bai ɗago ba sai da ya ji tsohon ya dafa kujerar babur.